Sayen Aska a Intanet: Kaifi Ba Ya Fitowa a Hoto

Wanzami idan ya je sayen aska wurin maƙeri ba ya buƙatar dogon bayani. Zai ɗauke ta ya juya ta a hasken rana, ya ɗora bakinta kan farcen babban yatsa, ya ɗan shafa ta a gashin hannunsa. In ta yi masa ya biya, in ba ta yi ba ya ajiye ya ɗauki wata. Ko da ya kai ta gida ta ƙi riƙe kaifi, ya san rumfar da zai koma, ya san mai rumfar, wataƙila ma ya san ubansa. Mai saye a intanet ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hoto ne a gabansa, da 'yan layukan yabo, da farashi. Ga shi kuwa abin da ake nema a jikin aska, wato kaifi da ƙarfen da zai riƙe kaifin, ba ya fitowa a hoto. Askar dala 10 da ta dala 200 duk sheƙi suke yi in an haska musu fitila. Saboda haka wanda bai taɓa riƙe aska ba, in ya tashi saye, mai sayarwa zai fara tantancewa tukuna, kayan su biyo baya.

Askar da nake nufi ita ce mai naɗewa, wadda bakinta ke shigewa tsakanin ɓangarori biyu na ƙotarta. Tun ƙarshen ƙarni na 17 ake ƙera irinta a Sheffield ta Ingila, kuma bayan Benjamin Huntsman ya gano hanyar narka ƙarfe a tukunya wajajen 1740, askar garin ta zama abin kwatance a duniya. Abin da ya karya kasuwarta reza ce. King Gillette ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1904, aka zo Yaƙin Duniya na Farko aka rarraba wa sojojin Amurka rezar, suka koma gida sun saba da ita. Daga nan masana'antun aska suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. A 'yan shekarun nan ne sha'awarta ta dawo, musamman bayan fim ɗin Skyfall na 2012 inda aka nuna ana yi wa James Bond aski da ita. Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye ta fuska biyu. Masu ƙera ta ƙwarai sun ragu, har mutum zai iya haddace sunayensu a zama ɗaya. Sannan sha'awar da ta dawo ta jawo wasu masu ƙera abu mai siffar aska kawai, su sa masa suna mai daɗin ji, su zuba a kasuwa.

Kafin maganar suna da farashi akwai tambayar da ta riga su: fuskar wa za a aske? In kai wanzami ne ko mai shagon aski, jama'a kake yi wa aiki, to ba aska mai baki ɗaya kake nema ba. Akwai wadda ake sa mata ɓarin reza, a cire a jefar bayan kowane mutum. Kamfanin Dovo na Jamus yana kiran tasa Shavette, kamfanin Feather na Osaka a Japan kuma yana da Artist Club mai reza tata ta musamman. Dalilin ba na ado ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jikin mutum aƙalla kwana 7, kuma ɗan jinin da ido bai gani ba a bakin aska ya isa ya kai ta jikin wani. Goge aska da tsumma ko tsoma ta a ruwan zafi bai wadatar ba. Aska mai baki ɗaya ta mutum ɗaya ce, ko ɗan'uwanka na jini ba ka ara masa.

Akwai kuma maganar fata, wadda masu talla ba sa yi. Yawancinmu gashin gemunmu mai murɗewa ne, in aka aske shi ƙwal sai tsininsa ya lanƙwaso ya koma cikin fata, ƙuraje su feso a wuya da haɓa. Wasu sun sami sauƙi da suka bar reza mai baki uku ko biyar suka koma baki ɗaya, domin ba ya fizgo gashi ya yanke shi a ƙarƙashin fata. Wasu kuwa ko da me suka yi askin sai ƙurajen sun fito. In kana cikin waɗannan, aska mai tsada ba za ta canja halittar gashinka ba, gara ka tsaya kan na'urar da ke rage gashi ba ta kai ƙasa ba.

Masu ƙera sababbi da aka yarda da su ba su da yawa. A Solingen ta Jamus akwai Dovo, wanda aka kafa a 1906, da Böker mai tambarin bishiya, da ƙananan maƙera irin Ralf Aust da Wacker. A garin Thiers na Faransa akwai Thiers-Issard tun 1884, waɗanda aka sani da gasa ƙarfensu cikin narkakkiyar darma don zafi ya ratsa shi daidai. Sunan Solingen kansa doka ce ke kare shi a Jamus tun 1938, aka sabunta dokar a 1994: ba a buga shi a jikin wuƙa ko aska sai an yi muhimman matakan aikin a yankin. Amma dokar Jamus ba ta hana wani a wata nahiya ya zana kalmar a jikin ƙarfensa, kuma ana yi. Don haka kalmar Solingen ita kaɗai ba hujja ba ce. A nemi sunan maƙerin a wuyan askar, wurin da yatsu ke riƙewa, a kuma shiga shafin kamfanin a ga ko suna da irin wannan samfuri. Kalamai irin su "ƙarfen Jamus" ko "salon Japan" ba tare da sunan wanda ya ƙera ba, ado ne na talla. Haka askar nan mai zanen igiyar ruwa da ake kira ta Dimashƙa: ta gaske aikin hannu ce mai tsadar gaske, wadda kuwa ake tallarta a kuɗin buhun gawayi an yi ta ne don a kalla.

Me ya sa mai arha ke gazawa, alhali ita ma ƙarfe ce? Abu biyu ne. Na farko gashin ƙarfe: ana gasa ƙarfen ya yi ja, a tsoma shi ya huce farat ɗaya ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya zama mai karyewa. Askar kirki taurinta kan kai wajen 58 zuwa 62 a ma'aunin Rockwell. In an yi ha'inci a nan, bakin zai yi kaifi a kan dutse, amma yana haɗuwa da gemu sai ya lanƙwashe ko ya marmashe, kuma babu gwanin washin da zai gyara wannan. Na biyu siffa. Ba a wasa aska yadda ake wasa wuƙa, a ɗaga bayanta a kintaci kwana. Kwantar da ita ake yi a kan dutse, gadon bayanta da bakinta su taɓa dutsen lokaci ɗaya, kaurin bayan shi ke yanke kwanar bakin, wadda kan tsaya tsakanin digiri 15 zuwa 20. In gadon bayan ya karkace, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, wani sashe na bakin ba zai taɓa dutse ba har abada. Akwai askar Chaina mai suna Gold Dollar da masu koyon washi ke so saboda arharta, ƙarfenta kuma yana ɗaukar kaifi, amma sau da yawa sai gwani ya gyara siffarta kafin ta yi aiki. In za ka saye ta, saya daga hannun wanda ya riga ya gyara ya wasa.

Maganar girma ba ta da wahala. Ana auna faɗin aska da kashi takwas na inci, shi ya sa za ka ga an rubuta 4/8, 5/8, 6/8 har zuwa 8/8. Ta 5/8 wajen milimita 16 ce, ta 6/8 wajen 19. Mai koyo ya ɗauki ɗaya daga cikin biyun nan. Ƙarama tana da wuyar riƙe kwana, babba kuma ba ta shiga ƙarƙashin hanci da sauƙi. Kanta ya zama mai zagaye. Mai kusurwa tana fitar da layin saje tsaf a hannun gwani, a hannun ɗan koyo kuwa kunne da gefen hanci ne ke shan wahala. Sai kwarmin gefenta: akwai wadda aka rarake sosai har bakinta ya yi siriri yana ƙara in yana yanke gashi, akwai mai rabin kwarmi, akwai mai kauri marar kwarmi irin tsofaffin Sheffield. Mai cikakken kwarmi ita ta fi yawa a kasuwa kuma ta fi sauƙin washi, amma ni ina ganin mai gemu mai tauri zai fi jin daɗin mai rabin kwarmi, don ba ta lanƙwasa in ta ci karo da gashi. Game da nau'in ƙarfe, mai kabon ya fi saurin ɗaukar kaifi amma yana tsatsa, wanda ba ya tsatsa kuma yana ɗan ba da wahala a dutse. Wanda ke zaune a Legas ko Kumasi, inda iska ke da laima kusan duk shekara, yana da dalilin duba na biyun.

Yanzu ga inda yawancin masu farawa ke faɗawa. Mutum ya tara kuɗi ya sayi sabuwar aska ta kamfanin ƙwarai, cikin kwalinta, ya sa a fuska, sai ya ji tana jan gashi tana ƙona fata. Sai ya ce an cuce shi, ko ya ce askin aska ba nasa ba ne, ya jefa ta a durowa. Alhali ba jabu ba ce. Bakin da aska ke fitowa da shi daga masana'anta sau da yawa bai kai na aski ba, yana buƙatar hannun mai washi. Ana fara kafa bakin a dutse mai lamba 1,000, a wuce zuwa 3,000 ko 5,000, sannan 8,000, a ƙare a 12,000 ko a dutsen asali irin rawayan nan da ake haƙowa a yankin Ardennes na Baljiyam. Lambar tana hawa, dutsen yana ƙara laushi. Aikin yana cin lokaci, yana kuma son ido da haƙuri, shi ya sa babban kanti mai sayar da komai daga tukunya zuwa waya ba zai yi maka shi ba: kwali aka kawo masa, kwali zai aiko maka. Kantunan da suka keɓe kansu ga kayan aski, irin Maggard Razors a garin Adrian na jihar Michigan ta Amurka ko The Invisible Edge a Birtaniya, an san su ne da sanin kayan da suke sayarwa, kuma irinsu ne za ka yi wa maganar washi su fahimce ka.

Kusan kowane mai talla yanzu yana rubuta cewa askarsa a shirye take don aski, har kalmar ta zama ba ta nufin komai. Hanyar gane gaskiya ita ce a aika masa saƙo kafin a biya. Wa ya wasa ta? Da waɗanne duwatsu, a wace lamba aka ƙare? An gwada ta a gemu bayan washin? In ta iso ba ta aski, zai sake wasawa ko zai karɓi abinsa? Wanda ya san aikinsa zai amsa da sunan dutse, ya ce maka Naniwa ne ko Shapton ko na Baljiyam, har ya ƙara da abin da ba ka tambaya ba, ya ce akwai ɗan tabo kusa da wuya amma bai kai baki ba. Wanda bai sani ba zai ce maka tana da kaifi sosai, tana yanka takarda. Almakashi ma yana yanka takarda. Ina ba wannan musayar saƙo muhimmanci fiye da duk taurarin da ke jikin sunan mai kanti, domin mutumin da ya faɗi aibin kayansa da kansa kafin ka gani ya nuna maka irin cinikin da yake yi.

Taurarin ma sai an iya karanta su. Mai sayarwa na iya samun yabo dubu, amma in ka buɗe sai ka tarar duk a kan cajar waya da agogo ne, aska jiya ya fara sa ta. Duba abin da aka yabe shi a kai. Karanta ƙorafe-ƙorafen kafin yabon, ka ga yadda ya amsa: ya mayar da kuɗi ne, ko ya hau zagin mai saye? Sannan ka lura da lokacin da aka rubuta yabon. Wanda ya rubuta ranar da kaya suka iso, kwali da sheƙi yake yabo. Wanda ya dawo bayan wata biyu ya ce har yanzu fatar washi kawai yake shafa mata tana aski, shi ne ya gaya maka wani abu game da ƙarfen.

Tsohuwar aska, a ganina, ita ce hanya mafi kyau ga mai ƙaramin ƙarfi, in ya sami amintaccen mai gyara. Sabuwa daga Solingen ko Thiers da wuya ka same ta ƙasa da dala 100, amma tsohuwa da aka wanke aka wasa takan zo ƙasa da haka sosai, kuma an yi ta ne a zamanin da kowane namiji da ita yake aski, maƙerin da ya yi ha'inci ba ya daɗewa a kasuwa. Sunayen da za ka riƙa gani sun haɗa da Wade & Butcher, Joseph Rodgers da George Wostenholm daga Sheffield, C.V. Heljestrand da Erik Anton Berg daga Eskilstuna ta Suwidin, da Filarmonica ta Sifen, wadda masu tarawa suka sa ta yi tsada. Sai dai tsohon ƙarfe yana da cututtukansa, kuma sa'ar da aka yi ita ce waɗannan suna fitowa a hoto in hoton na gaskiya ne. Nemi a nuna maka gefe biyu, da bakin daga kusa, da askar a rufe ana kallonta daga sama. Dubi gadon baya: in akwai faffaɗan ziri mai sheƙi da dutse ya cinye, musamman in ya fi faɗi a wani wuri, an wasa ta har ta gaji. Dubi layin bakin: miƙaƙƙe ko mai ɗan tudu a tsakiya ba laifi, wanda ya lotsa ciki a tsakiya kuwa sai an cinye ƙarfe da yawa kafin ya daidaita. Tabon tsatsa a jiki ba ya hana aski, amma ramukan tsatsa a kusa da baki na nufin duk washin da aka yi giɓi zai sake fitowa. Tsaga ko da siririya ce kamar gashi, a bar ta.

Ƙotar ma abin dubawa ce. Yawancin tsofaffi an yi musu ƙota da seluloid, wata tsohuwar roba da in ta fara ruɓewa take fitar da iska mai cin ƙarfe. Alamarta ita ce tsatsa ta kwanta daidai sashen bakin da ke shigewa cikin ƙotar, sauran jikin kuwa fes. Irin wannan sai an canja mata ƙota, in ba haka ba har askar da ke kusa da ita za ta lalata. Sai kuma masu ƙotar hauren giwa ko ƙoƙon kunkurun teku. Yarjejeniyar CITES ta hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, eBay ma ya hana sayar da shi tun 2009. Duk kyawunta kada ka sa kanka a rigimar kwastan.

Wajen biya ne ɗan damfara ke jira. Hoton da ya yi kyau fiye da kima, sa shi a Google Lens ka ga ko daga shafin wani aka kwafo. Ka ce mai kayan ya ɗauki sabon hoto, askar na kan takarda da ya rubuta kwanan watan ranar da hannunsa. Mai kaya a hannu minti biyu zai yi, wanda ba shi da su zai fara kawo uzuri. In a eBay ko Etsy ko AliExpress kake ciniki, kada ka yarda a ja ka WhatsApp a ce za a rage maka in ka tura kuɗi kai tsaye. Ragin da aka yi maka kuɗin kariyarka ne ka sayar. A eBay mai saye yana da kwana 30 bayan isowar kaya ya kai ƙara in ba abin da aka tallata aka aiko ba, kuma wannan haƙƙi yana aiki ne kawai in ta cikin dandalin aka biya. A PayPal akwai hanyar tura wa dangi da abokai kuɗi, wadda ba ta da kariyar ciniki. Duk mai sayarwar da ya nace sai ta nan, ka bar shi. A gida Najeriya, Jiji wurin talla ne kawai, ba ya riƙe kuɗin kowa, saboda haka a haɗu a wurin jama'a, a ga kaya, sannan a biya. Tura kuɗi kafin gani cinikin biri a sama ne. A Jumia da Konga kuwa abin da aka fi samu shi ne mai cin reza, kuma don ita ba sai an je ƙetare ba.

Kafin ka danna biya, lissafa kuɗin aikowa da abin da kwastan za su iya caza, ka tambayi bankinka ko katinka yana biya a waje da iyakar abin da zai biya, domin wannan yana canjawa. Ba kowane kanti ke aikowa Najeriya ko Nijar ba, wasu kamfanonin dako kuma suna da sharaɗi kan abu mai kaifi. A zaɓi aikowa mai lambar bibiya ko da ta fi tsada. In wani ɗan'uwa ne zai taho maka da ita daga tafiya, gaya masa ya sa ta a babbar jakar da ake aunawa. In ta shiga jakar hannu, a filin jirgi za a ƙwace ta.

Ranar da ta iso, ɗauki bidiyo tun daga yanke kwalin, shi ne shaidarka in an sami matsala. Goge man da aka shafa mata, ka tsabtace bakin da sifirit a hankali. Kada ka gwada ta a takarda, kada ka ɗora ta a farce. Gwajin farce na farkon washi ne, bakin da aka gama yana lalacewa da shi. Masu washi da yawa kan ce kada ma ka shafa ta a fatar washi kafin askin farko, kuma shawara ce mai kyau: hannunka bai saba ba tukuna, kana iya dakushe ta, sannan ka ɗora laifin a kan mai sayarwa. Jiƙa gemu da ruwan ɗumi, ka yi kumfa sosai, ka ja fatar da ɗaya hannun, ka kwantar da askar kada kwanarta ta wuce digiri 30, ka bi inda gashi ya kwanta. A kumatu kaɗai za ka tsaya a kwanakin farko, haɓa da wuya su jira. Aska mai kyau ba a danna ta. In sai ka danna take yanka, to ko kwana ce ba daidai ba, ko bakin bai kai ba.

Aska ba ta tafiya ita kaɗai, kuma wannan ma yana cikin lissafin kuɗi. Kafin kowane aski ana shafa ta a fatar washi, gadon baya a gaba, baki na biye, a juya ta a kan bayanta, ba a kan bakin ba. Fatar farko ka sayi mai sauƙin kuɗi, domin kusan kowane ɗan koyo sai ya yanke ta. Bayan aski a share ta ta bushe sarai, har tsakanin ƙota da wurin ƙusa, kada a bar ta a banɗaki. Da damina a ɗiga mata ɗan man keken ɗinki, da hunturu kuma a riƙa murza fatar da tafin hannu don kada ta bushe ta tsattsage. Duk da haka bayan 'yan watanni bakin zai nemi dutse. Mutumin Turai zai sa ta a ambulan ya aika wa mai washi ta dawo masa cikin mako. Daga Kano ko Damagaram kuwa kuɗin kai da kawowa zai iya fin kuɗin askar. Don haka tun farko ka sa dutse ɗaya mai laushi, na 8,000 ko 12,000, a cikin shirinka. In bakin ya zo a kafe da kyau, wannan ya isa ya riƙa farfaɗo da shi.

A nan muna da abin da Bature mai koyo daga bidiyo ba shi da shi. Tsohon wanzamin unguwa ya san yadda ake jan fata, da yadda ake bi da aska a ƙeya da bayan kunne, da nauyin hannun da ya dace, kuma zama ɗaya a gefensa ana kallo zai koya maka abin da makonni a waya ba za su koya ba. Je ka gaishe shi, ka ce baba ina son in ga yadda ake riƙewa. Abin da kawai za ka kiyaye shi ne dutse: askar maƙera tana da kauri, tana jure mawashi mai kaushi, mai rarakakken gefe kuwa siririya ce, shafa kaɗan a irin wannan dutse zai yi mata giɓi. Ku yi maganar tare kafin ta hau mawashinsa.

Idan ka lissafa aska da fata da dutse da kuɗin aikowa ka ga aljihu bai kai ba tukuna, kada ka sayi ta bogi don ka rage zafi. Ba za ta koya maka aski ba, fuskarka kawai za ta ɓata, ka tsani abin gaba ɗaya. Sayi mai cin reza a nan gida, kuɗinta kaɗan ne, kaifinta kuma tabbas ne tunda sabuwar reza ce kullum. Koyi kwana da sauƙin hannu da ita, ka ci gaba da tari, kana kuma aika wa masu sayarwa tambayoyinka har ka sami wanda amsarsa ta gamsar da kai.